Kunnen Aro

"Wuni ɗaya kawai na ce, Auta. Ba korar yarinyar na yi ba, ba kyautar da ita na yi ba. Da safe a kai ta gidan Goggonku, baƙi su zo su tafi, da yamma a ɗauko ta. Mene ne abin kumbura baki a ciki?"

"Mama, jikarki ce fa."

"To da jikar wa na ce? Ni na yi wata uku ina kwana a kujerar roba a asibiti saboda ita, ke lokacin kina can kina ɗaukar hoton farcenki. Kar ki koya mini son Kurciya. Ɗaga labulen nan, yana jan ƙasa."

A kan kujera take tsaye tana saƙala sabon labule mai ruwan zuma a tagar falo, ni ina ƙasa riƙe da jelarsa, haushi kamar ya kashe ni. Tun Litinin gidanmu bai huta ba. An wanke kafet, an sauya rigunan kujeru, an fito da kofunan gilashin nan masu bakin zinare waɗanda tun ina firamare nake ganinsu a kabad, ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Duk saboda ranar Asabar mahaifiyar Mai Fasfo da yayarsa za su zo ganin gida da ganina, shi zai rako su. Ranar kuwa Alhamis ce, bayan la'asar.

Ku da kuka daɗe tare da ni kun san Mai Fasfo. Sababbin zuwa, ga shi a taƙaice. Malamin lissafi ne a wata sakandare, dogo, mai wushirya, kullum da ƙurar alli a gefen wandonsa. Wata takwas da suka wuce ya shigo shagon hoton da nake aiki zai ɗauki fasfo, ya ƙyafta ido sau shida a jere, na ce, "Malam, ko in zana ka da biro ne mu huta?" Ya yi dariya, ya karɓi hotunansa ya tafi. Bayan kwana biyu ya dawo wai sun ɓata. A wata ɗaya sau uku fasfo yana ɓata wa bawan Allahn nan. Da wannan sunan na ajiye lambarsa, shi kuma ya ajiye tawa da Mai Hoto. Ina son sa, masu karatu, irin son da in wayata ta yi ƙara sai na fara gyara mayafi kafin in duba.

Kurciya kuwa 'yar Yayata ce, shekararta huɗu da rabi. Ni na laƙaba mata sunan, saboda tun tana jaririya in tana barci wani ɗan sauti take yi a maƙogwaro. Likita ya ce ƙanƙantar muƙamuƙinta ce ke matse hanyar numfashi, ni dai kukan kurciya nake ji. An haife ta da wata lalura da ba kasafai ake gani ba, wadda ke taɓa yadda ƙasusuwan fuska ke ginuwa tun a ciki. Sunanta na asibiti har yau ya gagari bakin Mama, sai dai ta ce "abin nan na Kurciya."

Bari in zana muku ita yadda take, tunda kallon fuska sana'ata ce. Idanunta manya ne, baƙaƙe wuluk, amma gefensu na waje ya zubo ƙasa, sai ka ɗauka kuka za ta yi alhali tsokana take shiryawa. Fatar idonta ta ƙasa tana da ɗan giɓi, babu gashin ido a wajen, iska kaɗan sai hawaye, shi ya sa kwalbar maganin ɗigawa ba ta rabuwa da jakar Yaya. Inda ni da ku muke da tudun kunci, nata a kwance yake, ƙashin bai taso ba, sai hancinta ya fi fitowa. Haɓarta 'yar ƙarama ce, ta koma ciki. An ɗinke mata tsagar ganɗa tana da shekara ɗaya, har yanzu maganarta tana ɗan bi ta hanci, Anti ma "Ani" take ce mini. Sai kunne. Na dama ɗan tsiro ne bai wuce ƙwayar wake ba, na hagu ɗan nama ne a naɗe kamar tohon da bai buɗe ba, duka biyun babu ƙofa. Da na'ura take ji, wata 'yar aba da ke zaune a kan ƙashin bayan kunnen, maɗauri ya zagaye kanta ya riƙe ta. Yaya tela ce, don haka kowace rigar Kurciya da maɗaurinta, har da mai duwatsu na fita unguwa.

Kanta kuwa, kayya. Ta san lambar buɗe wayar kowa a gidan nan. In Mama ta fara faɗa, sai ta sa hannu ta ɗaga na'urar daga kanta, ta zauna tana kallon bakin Mama yana motsi tana murmushi. Kuma ita ce mai gadin ƙofa. Tana da wata 'yar kujerar roba ja, ana ƙwanƙwasawa za ta jawo ta da gudu, ta hau ta zare sakata. Wanda duk ya riga ta buɗewa ya shiga uku, sai ya rufe ta sake.

Likita ya ce wani lokaci abin haka kawai yake faruwa a kan yaro, ba daga uwa ba, ba daga uba ba. Wani lokaci kuma ɗaya daga cikin iyayen yana ɗauke da shi kaɗan ƙwarai, har ba a lura. Dangin mijin Yaya ba su tsaya jin rabin farko ba. "Jininku ne," suka ce, shi kuma ya bi bayan danginsa, Yaya ta dawo gida da jaririya da keken ɗinki. Bara akwai mai shagon taya da ya nemi aurena. Ƙannensa mata suka zo gaida Mama, Kurciya ta buɗe musu ƙofa ta miƙa hannu, ɗayar ta tura nata hannun cikin mayafi. Bayan kwana uku lambarsa ta daina shiga. Don haka don Allah kar ku zage mini Mama a wajen sharhi. Tsoro ne ke damun ta.

"Mama, wannan ba irin mai taya ba ne," na ce.

"Haka kika ce a kan mai tayar ma. Shi namijin ba shi ne abin ji ba, uwarsa ce. Kina zaton fuskarki za ta zo kallo? Fuskar jikokinta za ta zo nema. A bari magana ta zauna tukuna, daga baya su san yarinyar sannu a hankali."

"Yaya ta sani?"

"Ta ce duk yadda muka yi daidai ne."

Na san wannan "daidai ne" na Yaya. Shi take faɗi in wadda ta kawo ɗinki ta dawo da riga karo na uku, ta faɗa a hankali, sannan ta shiga ɗaki ta taka keke kamar za ta karya shi.

Na buɗe baki zan ci gaba da wa'azina, wayata ta yi ƙara a kan hannun kujera. Na ɗauka da hannu ɗaya, saƙon Mai Fasfo ne.

"Mai Hoto, rufe ido."

Sai hoto ya shigo. Ɗan akwati ja mai laushi a tafin hannunsa, a ciki 'yan kunne biyu ƙanana na azurfa, siffar malam-buɗe-littafi, kowanne da ɗigon dutse shuɗi a tsakiya.

"Shago biyar na zaga kafin na samu. Irin na kunnen Kurciya sak, na cikin hoton nan. Ummata ta ce ita za ta sa mata da hannunta ranar Asabar."

Ban san na saki labule ba sai da na ji Mama ta yi salati, sandar labulen ta zame ta gefe ɗaya.

To, masu karatu, mun iso wajen da na daɗe ina kewaye muku. Ku zage ni, na cancanta.

Mai Fasfo ya san Kurciya a baki. Ya san labarin sakata, ya san yadda ta zuba wa Goggo gishiri a shayi, har tambayata yake, "Yau me shugabar gida ta aikata?" Amma bai taɓa ganinta ba. Sau biyu ya zo gaida Mama, duka biyun Kurciya tana makaranta, kuma ni na zaɓi lokacin. Sati uku da suka wuce ya ce in turo masa hoton mutanen gidanmu, Ummarsa tana son ganin waɗanda ɗanta ya ishe ta da labarinsu. Akwai wanda muka ɗauka a shagonmu ranar da Kurciya ta cika shekara huɗu: Mama a tsakiya, Yaya a gefe da Kurciya a cinyarta cikin riga ruwan ɗorawa mai fararen furanni, ni a tsaye a baya.

Aikina a shago ba ɗauka kaɗai ba ne, rabinsa gyara ne. Ogana cewa yake mu ba ƙarya muke yi ba, haske muke taimaka wa. Kullum ina share ƙuraje, ina rage tumbi, ina mayar wa masu sanƙo gashi. Hannuna ya saba, hoto ba ya fita daga kwamfutata bai sha gyara ba. Ranar na buɗe namu da niyyar in ɗan ƙara masa haske kawai, wallahi. Sai na ce bari in share maɗaurin nan, yana ɗauke ido. Da na share sai kunnen ya fito fili. Da safen ranar an kawo wata yarinya sa'arta ɗaukar hoto, launin fatarsu kusan ɗaya, hotonta yana buɗe a gefe. Na yanko kunnenta na ɗora, na juya shi na ɗora a ɗaya gefen. Sai na ga kunnen bai dace da idon ba, na ɗaga gefen idanun, na cike giɓin, na zana gashin ido. Na tayar da kunci. Na jawo haɓa gaba. Minti arba'in, ina yi ina cin biskit. Da na gama har na ɗan ja da baya na yaba wa kaina, na tura. Ko kaɗan ban kula da cewa kunnen aron da ɗan kunnensa ya zo ba.

Shi kuwa mutumin lissafi, ba abin da ke wuce idonsa.

"Me aka turo miki kika yi tsuru-tsuru haka?" Mama ta sauko daga kujera ta zare wayar daga hannuna. Ta karanta, ta ja sama, ta ja sama, har ta kai kan hoton. Ta kawo shi kusa da ido, ta kai nesa. Ta daɗe.

"Allah sarki," ta ce a hankali. "Ashe haka za ta..." Ba ta ƙarasa ba. Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta miƙo mini wayar. "Ni wuni ɗaya na ce a kai ta unguwa, kin tasa ni gaba da wa'azi. Ashe kin riga ni da sati uku. Yanzu kam dole ta tafi. Sai mu ce zazzaɓi take yi, mu karɓi kyauta mu yi godiya. Kuma kar ki kuskura yayarki ta ga wannan."

Na sunkuya na ɗauki jelar labulen.

Ranar Juma'a a shago, saƙo ɗaya na rubuta na goge ya fi sau goma. "Akwai abin da ban gaya maka ba." Na goge, kar ya zaci wani saurayin ne. "Kurciya tana da lalura." Na goge, kamar takardar asibiti. "Hoton nan fa..." Na goge. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "Sun yi kyau sosai," da alamar zuciya. Na kifa wayar ina jin kamar in mari kaina.

Ƙarfe huɗu sai ga shi ya turo ƙofar gilashi, jaka a kafaɗa, alli a wando. Oga ya leƙo daga bayan injin wanke hoto.

"A'a, Malam, fasfo ya sake ɓata? Wannan karon sai ka kawo takardar 'yan sanda."

"Oga, ai na gano inda suke ɓata, gobe zan turo a bincika mini gidan."

Suka tafa suna dariya. Ya jawo kujera ya zauna gefen teburina, ƙamshin turarensa mai sanyi ya cika ɗan lungun. Ya ajiye wayarsa, fuskar ta kawo haske, sai ga hoton nan. A fuskar wayarsa ya sa shi.

"Kin san me Ummata ta ce? Wai yarinyar nan kunnenki ta ɗauko."

Na kawar da ido daga wayar. "Haka ta ce?"

"Ita fa da son yara. Mu biyar ta haifa, ba jika ko ɗaya, ta ce za ta fara da wannan kafin namu su iso." Ya sunkuyar da kai wai shi kunya. "Mai Hoto, lafiya? Ko tsoron tsohuwar kike? Ba ta cizo, haƙoran ma saura kaɗan."

"Akwai maganar da nake so mu yi."

"Ina ji."

Ya juyo gaba ɗaya, ya zuba mini idanun nan, ko ƙyaftawa babu, shi da ya ɓata mini hoto shida. Na buɗe baki. Sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, wata hajiya ta shigo da ƙarar awarwaro da makullin mota, kai tsaye wajena.

"'Yammata, hotunan jiya ba su yi ba sam. Ki rage mini wuyan nan, ki ɗaga mini nan, ki share layukan goshin nan. So nake in na sa, ƙawayena su kira su tambaya ko ƙanwata ce."

"Hajiya, in na yi haka ai ba ke ba ce."

"To ni na ce miki ni nake so? Yi abin da aka sa ki."

Mai Fasfo ya danne dariya, ya duba agogo, yana da darasin yamma. "Ajiye mini maganar zuwa gobe," ya ce, ya fita. Kuma ku ji rashin kunyar zuciyata, sai na ji sanyi da ya tafi. Na zauna na rage wa hajiya wuya, ina jan linzamin kwamfuta kamar ina yanka. Da ta tafi na buɗe nawa fasfon, na faɗaɗa shi har fuskata ta koma ƙananan akwatuna. Na duba gefen idona na hagu. Ya fi na dama sauka, ko idona ne? Na duba kuncina, na duba kunnena. Likita ya taɓa cewa akwai gwajin jini da za a iya yi wa dangi, ba mu yi ba har yau, kowa yana tsoron amsar. In Ummarsa ta tambaye ni ko a jininmu yake, gaskiyar ita ce ban sani ba. Na kashe kwamfutar ko sallama ban yi wa Oga da kyau ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe. Falo yana ƙamshi, kofuna masu bakin zinare a jere a kan tire, kek a rufe da leda. Mama ta riga ta haɗa 'yar jakar Kurciya: riga ta canji, maganin ido, batirin na'ura, biskit. Goggo ta kira sau biyu tana tambaya ko sun taso. Kurciya da ta ji an ce unguwa, ta kafe sai rigarta ruwan ɗorawa mai furanni, duk da ta fara ɗage mata, da maɗaurinta mai duwatsu.

Ni ina tsaye a ɗakinmu gaban madubi cikin doguwar riga koriya mai duhu da Yaya ta ɗinka mini, hannun ya sha aikin zare ruwan zinare. Tsawon ya ɗan yi yawa, Yaya tana durƙushe tana kama mini bakin da allura. Tun safe ba ta yi magana mai tsawo ba. Kurciya tana kwance rub da ciki a kan gado tana wasa da ƙafafu, kuma sai daga baya na gane wayar da ke hannunta tawa ce.

"Ani."

"Na'am, 'yar gidana."

"Wace ce wannan ta sa rigata?"

Ta cikin madubi na ga ta ɗago wayar, ta haɗe gira.

"Ta hau cinyar Mamina. Ga Kaka, ga ke, ga Mami." Ta bi kowa da ɗan yatsa, sannan ta ɗago ta dube ni. "Ina ni? Fitsari na tafi?"

"Kawo, Kurciya, ba kyau taɓa wayar..."

"Tana da abin kunne." Ta kai hannu ta taɓa ɗan tsiron kunnenta na dama, ta sake kallon wayar. "Mami, ki ce ta ba ni rigata."

Yaya ta soke allurar a jikin rigarta, ta miƙa hannu. Kurciya ta ba ta. Na so ƙasa ta tsage. Yaya ta kalli hoton, ta sa yatsu biyu ta faɗaɗa fuskar, ta bi ido, ta bi kunci, ta bi haɓa, ta tsaya a kunne. Da ta yi ihu, da ta mare ni, da na ji sauƙi.

"Kin iya aiki," ta ce. "Je ki wajen Kaka ta sa miki takalmi, Kurciya." Sai da yarinyar ta fita ta ci gaba. "Minti nawa ya ɗauke ki?"

"Yaya, don Allah..."

"Tambayarki na yi."

"Arba'in."

"Arba'in." Ta gyaɗa kai. "Ni shekara huɗu da rabi ina ɗaga ta gaban madubin nan kullum safe, ina koya mata ta ce wa ta ciki sannu kyakkyawa. Mutanen titi na san su, na tanadi amsarsu. Masu nuna ta da baki a motar haya, masu jan 'ya'yansu gefe, masu tambayar me na kalla ina da ciki, kowa da tasa. Ke ce ban tanadar wa amsa ba, Auta."

"Ban yi niyya ba, wallahi maɗaurin kawai na so in..."

"Maɗaurin da na ɗinka." Ta zare allurar. "Tsaya daidai, saura kaɗan."

Ku ji fa, sai da ta ƙarasa kama mini bakin rigar tsaf, ina tsaye hawaye yana ɓata mini hoda. Ta datse zaren da haƙori, ta miƙe, ta ɗauki mayafinta ta fita. Na ji tana cewa, "Mama, ina jakar? Bari mu wuce kafin su iso."

Wayar ta yi ƙara a kan gado.

"Mun taso. Ummata ta riƙe akwatin a hannu kamar ƙwai, ta hana yayata ko taɓawa. Nan da minti ashirin."

Na zauna a bakin gado. Ainihin hoton yana nan a wayata, ban taɓa goge shi ba. Kurciya tana dariya baki har gefe, idanunta sun zubo, maɗaurin yana ƙyalli, ta ɗaga yatsu huɗu a gaban kyamara. Oga ne ya ɗauki hoton nan, amma ni na sa ta dariyar, na tuna na yi mata kukan akuya ne. Wannan karon ban tsaya gyara ko kalma ba.

"Wannan ce Kurciya. Wancan ni na gyara shi, kunnen ma na 'yar mutane ne. Haka aka haife ta, babu inda za a sa mata ɗan kunne. Ko a jininmu yake, ban sani ba. Nuna wa Umma. In za ku juya, ku juya tun a hanya, kar ku zo ku juya a gabanta."

Na tura hoton, na tura saƙon. Alamar karantawa ta koma shuɗiya nan take. A sama aka rubuta yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa. Na jira har na ƙirga talatin, ba abin da ya shigo.

Na fito falo. Yaya tana bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, Kurciya tana tsalle da ƙafa ɗaya, Mama tana goge kofin da ta riga ta goge. Na sa hannu na riƙe igiyar jakar.

"Na tura masa na gaskiyar."

Kofin ya kusa suɓuce wa Mama. "Kin yi me? Auta, da hankalinki? Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

"Shi ke nan. Shi ke nan, kin kashe kanki da hannunki. Labulena, kek ɗina..."

"Sakar mini jaka," Yaya ta ce. "'Yata ba abin gwada samarinki ba ce."

"Na sani, Yaya. Shi ya sa na ce su juya tun a hanya. In suka iso ƙofar nan, sun san wa za su gani."

"In matar ta ɓoye hannu a mayafi fa?"

"Ni zan raka su mota, da akwatinsu."

Yaya ta dube ni, idonta ja. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma sa rai ba. Amma ba ta ƙara jan jakar ba. Kurciya ta daina tsalle, tana kallon bakin wannan tana kallon na wancan, hannunta a kan na'urar kamar tana shawarar ko ta ɗaga.

"Baƙi ne za su zo?" ta ce. "Ba a gaya mini ba. Wa zai buɗe musu?"

Daga can bakin layi na ji ƙarar mota tana rage gudu. Ko tasu ce, ko ta maƙwabta, ban sani ba. Wayar tana hannuna shiru. Mama ta kama haɓa tana kallona. Na zare jakar daga kafaɗar Yaya na ajiye a kan kujera, kusa da tiren kofuna, na goge fuskata da bayan hannu, hoda da kwalli duk suka bi.

"Mama, ki kira Goggo ki ce kar ta jira, Kurciya ba inda za ta." Na durƙusa na gyara mata maɗaurin, duwatsun suka dawo tsakiya. "Ɗauko jar kujerarki, 'yar gidana. Ko su ne ko ba su ba, ke za ki buɗe ƙofa."